Zumar Inna a Zauren Manya

Ranar da muka hango ganuwar Zariya, ni dai ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Tsalle nake, ina waƙa, ina dukan gindin jaki ba laifin komai. Karatu na zo yi a garin malamai, ga shi kuma an ce jirgin ƙasan Nasara ya iso, wai yana kuka kamar saniya yana aman hayaƙi. Saurayi nake a lokacin, gemu bai fito ba, na sauke Alƙur'ani a ƙauyenmu, hannuna kuwa da alƙalami ba a magana. Kafin wani ya cika allo, ni na wanke nawa na sake.

A bayan jakin akwai tulu biyu na zuma. Ta Inna ce, mahaifiyata. Amyoyin da Baba ya rataya kafin ya rasu, ita ta sa aka ɗebe su, ta tace da hannunta, ta toshe bakin tulunan da ganye ta ɗaure. Ta ce a sayar a Zariya a saya mini littattafan karatu. Bayan wannan zumar ba ta da komai, ko akuya. Ta haɗa ni da tulunan ta damƙa a hannun ƙanenta, Kawu, shi zai kai ni.

Kawu kuwa, Allah ya jiƙansa, fankama ce ta yi masa yawa. Irin mutumin nan ne da zai ci tuwo da miyar kuka ya fito ƙofar gida yana sakace haƙori kamar nama ya ci. Sau ɗaya ya taɓa shiga Zariya, tun kafin Turawa, amma in yana ba da labari sai ka rantse da shi aka gina ganuwar. Muna kusa da gari ya ce a tsaya. Ya shiga bayan wata kuka, ya tuɓe rigar tafiya, ya zura babbar rigarsa ƙwaya ɗaya tilo, ya naɗa rawani har ya rufe masa kunne.

Muka yada zango a gindin wata bishiya a Tudun Wada, wajen wata dattijuwa mai fura. Lokacin Tudun Wada sabuwa ce ful, gidajen zana da bukkoki, nan da can ɗakin ƙasa da bai gama bushewa ba.

"Baƙi ne ku?" in ji mai fura. "Ina za ku sauka?"

Na ce, "Iya, ina baƙo ke sauka a garin nan?"

Ta ce, "Ya danganta da baƙon. In kai ma'aikacin jirgi ne mai wando, ga Sabon Gari can ƙetaren rafi wajen tasha, sai dai ba lalle ka ji abin da suke faɗa ba. In kaya ka kawo, ga ka ga Tudun Wada. Wancan gida mai durumi a ƙofa na fatoma ne. Ka sauka wurinsa, ya ajiye maka kaya, ya nemo mai saye, ya cire la'adarsa, ka kama gabanka. Birni kuwa, sai in akwai wanda ya san ka."

Ni har na kama igiyar jaki zan nufi durumin. Kawu ya yi wani tsaki mai tsawo.

"Ni? Ni zan kwana a Tudun Wada? Inda aka tara leburori da tsofaffin soja da waɗanda garinsu ya gaji da su? Ke, ina da mutane a birni. Manya."

Mai fura ta dube shi tun daga rawani har fason ƙafa. Ta ce, "Ai na gani, Malam. Wannan rawani ai sai birni. Ga ƙofa can, ba a rufe ba. Allah ya sa su ma sun san suna da kai."

Bari in gaya muku manyan nan na Kawu. Wai can da daɗewa, uban wani mai sarauta ya biyo ta ƙauyenmu, ruwan sama ya tare shi, ya fake a zauren kakanmu, aka ba shi fura ya sha, ruwa ya ɗauke ya tafi. Shi ke nan fa. Ƙarshen zumuncin ke nan. A kan wannan furar Kawu ya ɗora rayuwarsa kaf.

Muka shiga birni. Lunguna kamar hanji, katangu dogaye, kowa ya wuce sai ya kalli jakinmu kafin ya kalle mu. Da tambaya da tambaya muka sami gidan. Wani baran gidan, dogo mai jan ido, ya ce mu jira a zaure. Muka jira har ƙafata ta yi sanyi. Sai bayan azahar maigida ya fito, ya zauna a kan shimfiɗa, mutane suka kewaye shi.

Kawu ya zube. "Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamaninka!" Ya kwashe labarin ruwan sama da fura ya zazzage, har da launin dokin da uban ya hau. Maigida yana ta "Madalla, madalla," idonsa a kan farcen yatsarsa. Ko makaho ya san bai taɓa jin sunan ƙauyenmu ba.

To, a nan Kawu ya tafka ta. Don a san ba hannu sake ya zo ba, sai ya ce in sauko da tulunan. Na kinkimo su. Ya ce in ajiye nan. Nan ina? Gaban shimfiɗar maigida, dab da ƙafarsa. Ya kwance bakin ɗaya, ƙamshi ya cika zauren, ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi irin ta wajenmu."

A gidan fatoma haka ake yi. Ka ajiye kaya gabansa, ka buɗe, ya duba, ya san abin da zai gaya wa masu saye. Amma a zauren mai sarauta, duk abin da baƙo ya ajiye gaban shimfiɗa sunansa gaisuwa. Ni ɗan ƙauye ban sani ba. Shi da ya gina ganuwa fa?

Maigida ya ɗaga ido a karo na farko. Ya ce, "An gode. Allah ya yi albarka." Baran nan ya sunkuya, tulu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hammata, ya yi cikin gida. Na ga zumar Inna ta shige ta ƙofar da namiji baƙo ba ya bi.

Na dubi Kawu. Bakinsa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Na ce a raina yanzu zai gyara. Kun san abin da ya fito?

"Ba yawa, ranka ya daɗe. A yi haƙuri da ɗan abin da ya samu."

Kai jama'a!

Aka kai mu wani ɗaki kusa da turken awaki, aka kawo tuwon da miyarsa ke gudu a ƙwarya. Na ce, "Kawu, zumar Inna fa?"

"Rufe mini baki. Kai me ka sani game da manya? Tukwici zai zo. Irin gidan nan in ka ba su zuma, riga suke mayarwa. Wani lokaci ma saniya."

"In ba su mayar ba fa? Da me zan sayi littafi?"

"Ka ga tuwon da aka ba mu? A birni fa kake ci."

Da safe tukwici ya zo. Baran ya miƙo wa Kawu goro 'yan ƙwayoyi da wata hula da ta sha kai har ta yi ƙyalli. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya warware rawaninsa, ya kifa hular, yana juya kai wai in gani ko ta zauna. Ta zauna mana, kamar murfin tukunya.

Ni dai cikina ya riga ya gama shawara. Da hantsi maigida ya fito, zaure ya cika da masu gaisuwa, malamai da attajirai. Yaro irina ba ya magana a wurin, ko tari sai ya fita waje. Na rarrafa na tsuguna daidai inda tulunan suka zauna jiya, na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

"Ranka ya daɗe, zumar jiya ba gaisuwa ba ce. Ta mahaifiyata ce, mijinta ya rasu, ita ke nan gare ta. Ta ce a sayar a saya mini littattafai. Kawuna ne ya rasa inda ake ajiye kaya."

Kawu ya mintsine ni a cinya har na ji a ƙwaƙwalwa. Baran ya yo kaina.

"Kai, ɗan ƙauye! Ka san inda kake kuwa?"

Na ce, "Na sani mana. Inda zumarmu take."

Wani tsohon malami a gefe ya rufe baki da hannun riga, kafaɗarsa na rawa. Maigida bai dube ni ba. Amma ina zai sa kansa? A gaban malamai an ce abincin maraya ne a cikin gidansa. Ya ce a hankali, kamar yana magana da bango, "A mayar musu da kayansu."

Aka fito da su. Ɗaya yana nan a ɗaure yadda Inna ta ɗaure. Wanda Kawu ya buɗe kuwa, sai da na leƙa sosai kafin na hango zuma can ƙasa. Kwana ɗaya tak! An raba wa cikin gida, an aika wa maƙwabta, har da na shan magani. Baran ya dire su a ƙofa, ya juyo, ya miƙa hannu ya cire hular daga kan Kawu, ya koma ciki abinsa. Goron dai ya tsira, don Kawu ya riga ya tauna.

Tun daga nan har ƙofar gari Kawu zagina yake. Na zubar masa da mutunci, na kashe zumuncin kaka da kakanni, ba ni da kunya, ba ni da tarbiyya. Ni kuwa ina gaba da jaki, dariya na cina, ina taka rawa a hankali don kada tulu ya faɗi.

Mai fura na ganinmu ta tafa hannu. "A'a, Malam! Har manyan sun sallame ku? Ina rawanin?"

Yana hammatarsa a dunƙule.

Fatoma wani gajere ne mai tsage a kumatu. Bai tambayi sunan kakanmu ba. Ya ce, "Me kuka kawo?" Na ajiye tulu gabansa, na ce, "Baba, ta sayarwa ce fa, ba gaisuwa ba." Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Daga birni kuke, ko?" Ya tsoma tsinke ya lasa, ya aika a kira masu saye. Kafin la'asar kukun wani Bature da wata mai alewa suna ja-in-ja a kan tulun. Kawu ya ƙi shiga gidan, ya zauna gindin durumi yana kallon gabas, wai shi ba ya haɗa shimfiɗa da leburori. Da aka sauke dafa-duka sai ga shi a tsakiyarsu, har yana neman ƙari.

Washegari ya kama jakinsa ya tafi, ko sallama bai yi mini ba. Ni na zauna a Tudun Wada, ɗaki ɗaya da wasu ɗalibai 'yan ƙasar Katsina, kullum mu shiga birni ɗaukar karatu mu fito. Abin da aka samu a zumar ya sayi littafi ɗaya da damin takarda. Sauran littattafan da suka tafi a cikin tulun da aka buɗe, aro na riƙa yi wurin abokai ina kwafa da hannu, shafi bayan shafi, har babban yatsana ya yi kanta. Suna nan wurina har yau. Duk wanda na buɗe a cikinsu, sai in ga mutanen gidan nan suna lasar yatsa.