Saurayin Jikata na Japan

Shekarar da ɗana ya kawo ni Greensboro, can ƙasar Turawa, aikina ɗaya ne a gidan: sa ido a kan 'yarsa budurwa. Shi yana tuƙin tasi, uwar tana kitso a High Point Road. Da aka yi hutun lakwal, wato makaranta, zafi ya sauko, sai yarinya ta manne wa kwamfuta. Ta yi murmushi, ta rufe fuska, ta share hawaye. Na ce lallai akwai namiji a ciki.

Na leƙa. Ga shi kuwa: zanen yaro, idanu kamar faifai, gashi shuɗi, yana tsaye bakin teku, gyare na ta kuka.

"Ɗan gidan wa ne?"

"Kaka, gem ne kawai, wasan kwamfuta. Labarin Japan. Ni nake zaɓar abin da yarinyar za ta ce masa."

"To zance ke nan. Ba a zance ba babba a kusa."

Na jawo kujera. Tunda ban san baƙi ba, ita ke karantawa tana juya mini. Yaron ba laifi, yana gaida tsofaffi. Hutu ya zo yi wurin kakarsa, kuma jikata ta ƙwallafa rai kada ya koma birni bai ce yana so ba.

Rannan ya ce ta raka shi kallon wasan wuta.

"Ki ce a'a."

"Kaka!"

"'Yar mutunci ba ta amsawa a karon farko. In da gaske yake, zai dawo. Kakanki sai da takalminsa ya cinye."

Ta danna a'a. Yaron ya sunkuya, ya yi godiya, ya shiga jirgin ƙasa. Aka saki kiɗan tausayi, rubutu ya hau gangarowa. Na ce mu jira. Na yi la'asar, na dawo, shiru.

"Ya ƙare, Kaka! Kin kore shi!"

Kuka wiwi, har da majina. Ni kuwa haushi ya cika ni. Wane irin namiji ne a'a ɗaya ke sa shi a jirgi? Ko ƙanin uba bai turo ba!

Amma ba zan bar jikata ta gama hutu da kumburarrun idanu ba. Na ce ta komo da shi tun daga farko.

"Wannan karon ki ce to. Amma ki danna a hankali, kina kallon ƙasa."

Haka muka je wasan wutar mu uku. Da ya miƙo hannu zai kama nata, na yi gyaran murya.