Igiyar Buhunan Shinkafa

Lokacin ina soja, motarmu ta taka nakiya. Ni kaɗai na fito da rai, hannuna na hagu a farfashe. Tsohon sajanmu, mutumin Matankari, yana cikin waɗanda suka rasu.

Jiya jirgin kaya na soja ya ratsa ƙasa-ƙasa ta kan gonata. Sai na ji warin mai da zafin ƙarfe kamar ina cikinsa. Na yar da hauya na zauna.

Tsohon ba ya son jirgin nan. Duk sanda muka shiga, sai ya dubi buhunan shinkafa da aka ɗaure a ƙasa ya ce, "Ɗana, ranar da na mutu kada ka bari a ja mini igiyar nan. Ni ba buhu ba ne." Mu kuwa sai dariya.

Ranar da aka kwaso mu a jirgin, tsakanin akwatunan harsashi aka shimfiɗe shi. Mai kula da kaya, wanda muke ce wa Shef, ya jawo igiyar ya ɗora masa a ƙirji.

"Shef, bari," na ce.

"Doka ce. In jirgi ya tashi zai gangara."

"Ba zai gangara ba."

Na kwanta gefensa na rungume shi da hannun dama. Jirgin yana jijjiga, sanyin jikinsa yana ratsa rigata. Ban sake shi ba har Yamai.

Allah Ya yalwata masa kabari. Ni ina Gecheme, ina noman gero da hannu ɗaya.