Inuwar Madam Pascaline

Kafin a buɗe ƙofar makarantar da ke bayan kasuwa a unguwar Djamboutou ta Garwa, Madam Pascaline ta riga ta iso da bokitinta. Sai ta zagaya bishiyoyin darbejiya ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa ganye, ta tona gindi da yatsa, sannan ta wanke hannu ta ɗauki alli. Malamar Turanci ce, amma baƙo zai rantse mai lambu aka ɗauka.

Mu da muka zauna a ajinta mun san dalili. A garin da Faransanci ya cika aji, Fulatanci ya cika kasuwa, Turanci maraya ne. Madam kuwa ba ta yarda da hadda ba. Ranar da za ta koyar da “look after”, sai ta shigo da dashe a leda, ta damƙa wa kowa nasa. Ta ce, “Look dubawa ne, after kuma baya. In suka haɗu, sun zama kula da abu har ya rayu. Ga naka, je ka yi. Wanda nasa ya mutu bai gane darasi ba.” Mun yi gunaguni, mun ce an mai da mu ’yan ga-ruwa. Haka ta yi wa kowane aji har furfura ta kama ta, filin da ko akuya ba ta tsayawa ya zama inuwa.

A bazarar bana, ana saura kaɗan ta yi ritaya, famfon makarantar ya lalace ana cikin hutu. A makon ne kuma ta faɗi ta karye a ƙafa. Masu zuwa dubiya suka ce ba ta zancen ƙafar, tambayarta ɗaya: “An ba su ruwa?” Ba a ba su ba. Dashen ’yan ajin ƙarshe har ya fara zubar da ganye.

Mahfuzu, tsohon ɗalibinta mai tuƙa moto, wato babur ɗin haya, wanda bai taɓa cin jarrabawar Turanci ba, shi ya fara ɗauro jarkoki daga kogin Binuwai. Ya tsaya a tasha yana kiran tsofaffin ’yan aji: “Kai Antoine, ka manta bishiyarka tana bakin katanga? Tashi!” Kafin mako ya zagayo, masu shago, ma’aikatan jinya da matan aure da goyo sun yi layi, kowa yana neman bishiyarsa yana cika baki cewa tasa ta fi tsawo. Ko dashe ɗaya bai mutu ba. Na yi murna har na ji kunyar hawayena.

Madam, ke ce uwar inuwa. Ke ce kika sa kalmomi biyu na baƙon harshe suka yi saiwa a ƙasar Garwa. Mun gode, Allah ya ba ki lafiya. Malamai, ku leƙa filin nan ku ga yadda ake koyarwa.

Ranar da aka gyara famfo, Khaula, ɗalibarta da ke sayar da atamfa, ta shiga ɗakin Madam da tukunyar miya da tabarmar kwana. Madam ta ɗaga kai ta ce, “An ba su ruwa?”

Khaula ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gado. Ta ce, “Sun sha, Madam. Saura ke.”