Tandun da Ya Rage a Hannun Nagoggo

Nagoggo taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. Ni kuwa Hussaini ne, direba, na fi shekara ashirin ina jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi, har jami'an kan iyaka na ɓangarorin biyu sun san tarin motata kafin su ga fuskata. A bayan motar nan na ɗauki duk wani ƙunshi da Nagoggo ya taɓa aikawa ƙasar waje, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Ubansa shi ne Mahmudu Mai Ƙararrawa, wanda ya yi zamani yana gwanjo a kasuwar Jibiya. Tsofaffi har yau suna tuna shi da hali guda: ba ya barin mai saye ya tafi babu gyara. Kowa ya san mai gero kan ƙara maka ɗan tafi bayan ta cika mudu, mai ƙosai kan jefa maka guda a sama, amma wa ya taɓa jin gyara a gwanjo? Mahmudu ya yi. Ka ci gwanjon keke, ya ɗora maka famfo. Ka ci na akwati, ya miƙo maka kwaɗo da makulli. Nagoggo ya gaji ƙararrawar, ya gaji halin, sai dai bai gaji kasuwar ba, don gwanjo ya ja baya tun kafin ya yi gemu. Ya koma sayen tsofaffin kayan Buzaye da na ƙauyukan Daddara da Mazanya, su luru da zobban azurfa da jakunkunan fata, yana sayar wa Turawan da ke ratsawa ta kan iyaka. Daga baya su ma suka ɗauke ƙafa, ya zauna yana kaɗe wa kaya ƙura.

'Yan shekaru bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, Keziah Elkana ta buɗe shago a Magama, dab da shingen kwastan. Mutuniyar Gangara ce, Kirista, ta yi ritaya daga aikin buga tafireta, ta sayi kwamfuta biyu da janareta tana buga wa masu fiton kaya takardu. Ita ta ce masa akwai kasuwar gwanjo a intanet. A sa hoton kaya, mutanen duniya su yi kwana bakwai suna tayawa, wanda ya fi tsoka ya ɗauka.

"To wa ka kaɗa ƙararrawa?" in ji Nagoggo.

"Agogo, Baba. Lokaci na cika an sallama."

Ya ce agogo ba ya son kai, ya yarda. Da ta tambaye shi sunan da za a sa wa rumfar, bai ko yi tunani ba ya ce a rubuta Mahmudu Mai Ƙararrawa. Na ce masa, "Kai bawana, tsoho na kwance lahiya cikin kabarinai, za ka kai shi kasuwar aljannu?" Ya ce bakina ya yi wari.

Abin mamaki, kasuwa ta karɓe shi. A wancan tsarin, in an gama ciniki mai saye zai rubuta kalma a kan mai sayarwa, shi ma mai sayarwa ya rubuta tasa. Nagoggo ya ɗauki wannan da girma ƙwarai. Sai ya gyara zama a kan bencin Keziah, ya yi ta zuba addu'a, Allah ya sa a kashe lafiya, Allah ya raya zuri'a, ita kuma ta matse ta cikin layi ɗaya na Turanci. Shekara huɗu babu wanda ya rubuta mummunar kalma a ƙarƙashin sunan ubansa. Cikin masu sayen har da wata tsohuwar Baturiya da ta yi aikin jinya a Maraɗi tun tana budurwa, tana sa hannu da sunan da matan can suka raɗa mata, wato Salmatu. Ita luru take so, kuma takan rubuto da Hausarta da ta yi tsatsa ta tambayi damina.

Ƙunshi kuwa a gida yake ɗaure shi, a zaure, shi kaɗai. Kowanne sai ya cusa masa ɗan tandun fata irin na zuba kwalli, wanda ba a sa a hoto ba, ba a kuma yi cinikinsa ba. Ni na sani, don ni nake kai su gidan waya na Maraɗi. Keziah ba ta sani ba, ba don ya ɓoye mata ba, sai don a wurinsa wannan ba abin faɗa ba ne. Wa ke sanar da mutane cewa ya yi sallama kafin ya shiga gida?

Rana ɗaya masu kasuwar suka sauya tsari, babu shawara babu neman izini. Aka hana mai sayarwa rubuta komai a kan mai saye. Aka toshe hanyar da suke rubuta wa juna gaisuwa. Mai saye kawai za a aika wa tambayoyi ya danna e ko a'a, kuma ba za a gaya maka wanda ya danna ba, balle dalilinsa. Keziah ta karanta masa sanarwar sau biyu. Ya ce shi bai gane ba, wane ne sarkin kasuwar, a ina yake zama, a je a gaishe shi. Ta ce babu sarki, kamfani ne. Ya ce to kamfanin ɗan wane ne? Nan ta ce masa tana da takardun mutane da za ta buga.

Ba a yi wata ba sai ga baƙin maki a ƙarƙashin sunan Mahmudu, da rubutu cewa kayan da aka aika ba su yi daidai da hoto ba. Ranar na ga Nagoggo ya rasa inda zai sa kansa. Ya dawo gida ya zazzage kaya yana dubawa, ko asu ya ci luru, ko azurfa ta dushe a hanya. Har ni ya tuhuma, wai ko na ɗora jarkar mai a kan ƙunshi. Na ce masa in ya ƙara, ya ɗauki kayansa a ka ya taka har Maraɗi.

Daga nan ya yi abin da duk ɗan kasuwar kirki na garinmu zai yi in mai saye ya ɓata rai: ya ƙara gyara. Tandu ɗaya ya zama biyu. Baƙin maki na biyu ya fito, ya ƙara da ƙaramin faifai. Ni da nake ɗauka ina jin ƙunshi na ƙara nauyi, ina ce masa ya kusa fara aika musu da akuya, amma wallahi ban taɓa kawo wa raina cewa nan ciwon yake ba. Wauta ce ta mu biyu, kuma har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni.

Lokacin ana ta wa'azi a kan tauye mudu da algus, har ana zagawa kasuwa ana duba ma'auni. Nagoggo ya tsorata, ya je wurin limamin unguwarsu ya zayyana masa yadda yake ciniki tun daga saye har ɗauri, ya ce a duba masa ko akwai haram a ciki da bai sani ba. Liman ya ce bai ga komai ba sai alheri, ragi ne abin tsoro, ƙari kuwa lada ne. Ya fito ya fi shiga ruɗewa. Malam ya wanke shi, kwamfuta ta kama shi, kuma babu wanda zai haɗa su su yi magana.

A maki na biyar aka rufe rumfar. Ba su goge ta ba, da ma sun goge da sauƙi. Suka bar sunan a sama, Mahmudu Mai Ƙararrawa, a ƙasa kuma aka rubuta cewa an dakatar da wannan mai sayarwa saboda yaudarar masu saye. Keziah ta so ta sassauta fassarar, ya ce ta faɗa masa yadda take. Da ta faɗa, sai ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Mutumen da ya mutu ba wanda ya bi shi da ko allura, yau duniya duk tana karanta shi macuci, kuma ni na kai shi."

Sati uku yana zuwa shagon kullum da hantsi, a buɗe masa ya ga ko an cire. Keziah ta rubuta musu sau shida, amsa iri ɗaya ke dawowa, kalma bayan kalma. Ta ce masa na'ura ce ke amsawa. Ya ce to a gaya wa na'urar ta kira babbanta.

Ni na kawo bayanin, cikin ambulan, daga akwatin gidan waya na Maraɗi. Salmatu ce ta rubuto da hannu, tunda an toshe ɗaya hanyar. Ta ce an tambaye ta ko abin da ya iso shi ne daidai abin da ke hoto, ita kuma ta danna a'a, don abin da ya iso ya fi na hoto, akwai tandu biyu da faifai. Ta rubuta godiya a ƙasa, ashe babu mai karantawa, dannawar kawai ake ƙirgawa. Ta nemi ta janye, an ce ba a janyewa. Ta ce su ma masu saye sun gaji, ba ka iya gaida wanda ka saba da shi, in ka nemi luru sai a jero maka barguna na masana'anta. Ta roƙe shi gafara har sau uku.

Keziah ta ajiye takardar ta dube shi. "Baba, wane tandu?"

"Gyara mana."

"Tun yaushe kake sa wa?"

"Tun na hwarko. Mi an na tambaya ciki?"

Ta dafe kai. Ya dube ta, ya dube ni, yana jira ɗayanmu ya ce wasa ne. Ya ce, "Ku tsaya. Don na ƙara masu anka ce na cuce su? In da na rage hwa?"

Hanya ɗaya ta rage, Keziah ta gano ta. Akwai wani shafi da mai sayarwa zai danna cewa ya amsa laifin yaudarar masu saye kuma ba zai sake ba. In ya danna, za a cire rubutun nan daga ƙarƙashin sunan. In bai danna ba, yana nan har abada. Na ce masa ya danna kawai, wa zai gani? Ya ce Allah zai gani. Ya kwana biyu bai zo ba. A rana ta uku ya zo da wankakkiyar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya ce Keziah ta matsa, ba zai sa ta ɗauki zunubin ba. Shekara huɗu bai taɓa taɓa na'urar nan ba sai ranar. Ta nuna masa wurin, ya danna.

Shafin ya juya. Rubutun ya ɓace, sunan Mahmudu ya fito fes, har da saƙon taya murna cewa yanzu ya koma cikin amintattu. Nagoggo ya ce, "Shekara sittin ban yi ƙarya cikin ciniki ba sai yau, kuma yau ta sunka ce na zama mai gaskiya." Ya ce ta bar sunan yadda yake, kada ta sake sa hoton komai.

Saura ƙunshi ɗaya, lurun da Salmatu ta ci gwanjonsa kafin a rufe rumfar. Za a sake yi mata tambayar nan, ya san ba za ta yi ƙarya ba, shi ma ba zai ce ta yi ba. Da safe ya kawo mini shi tashar Magama, ɗaurin tsaf kamar kullum, na ɗaga na ji shi sakayau. Na buɗe baki zan tsokane shi, sai na ga ɗan tandun a hannunsa. Ya fito da shi daga gida bisa sabo, ya kai aljihu ya fasa, ya miƙo mini ya janye.

Fasinja suka cika, na tayar da mota. Har na kai shingen kwastan ina hango shi ta madubi, yana tsaye inda na bar shi, da tandun a tafin hannu.