Rundunar Ƙwallayen Dabino

Kakarmu, Hajiya Iya, ba ta ba da tatsuniya a zauna a saurara kawai. Sai ka shiga ciki ka yi gumi. Bayan magariba mukan hau rufin gidanmu a unguwar Misfala, ta kunna ɗan murhun shayinta, wutar da ita kaɗai mai hankali zai zauna kusa da ita a zafin Makka. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, kowa ya zaɓi wanda zai zama."

Ƙanwata Safiya kullum mai siddabaru ce. Ni kuwa jarumi, mai takobin da ya fi hasumiyar agogo tsawo. Dokar Iya ita ce, duk dodon da jarumi ya kashe, mutane za su biyo shi. Kowane mabiyi ƙwallon dabino ne, har suna take raɗa masa. Wanda ya kai runduna Dutsen Ƙarfe, shi ne sarkin yaƙi, a gina masa ganuwa. Wata uku ina wannan fafutuka.

Ranar da dutsen ya rage tafiyar kwana ɗaya, Iya ta ajiye farantin tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake. "Guzurin runduna ke nan. Hamada ce a gabanku."

Ina yi wa sojojina jawabin jarumta, hannuna yana nasa aikin. Kafin in gama, faranti ya yi fes. Iya ta fara ɗauke ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya.

"Iya, ina za ki kai mini sojoji?"

"Ba ni ba ce, angona. Tanko mai baka ya ce tun safe bai ci komai ba, ga shugabansa yana lasar yatsa. Ya koma wurin matarsa."

"Wallahi ɗanɗanawa kawai na yi!"

"Ɗanɗanon da ya wanke faranti? Yalla, maza, ga dodo can, je ka kai kaɗai."

Ashe Safiya ta ɓoye gutsuren tamis a mayafinta. Ta marmasa shi a gaban ƙwallayen, rundunata kaf ta koma bayanta. Ita aka gina wa ganuwa, ta ɗauke ni mai gadin ƙofa.

Yanzu shekarata sha shida, ni ne kyaftin ɗin ƙwallon unguwarmu. Idan aka kawo ruwan sanyi, maƙogwarona kamar ya kama da wuta, amma sai kowa ya sha kafin ni. Yara suna cewa ina da kirki. Ba kirki ba ne. Bayan wancan wasan, mako biyu na yi ina ce wa Safiya "ranki ya daɗe", kuma ba na son ƙari.