Ranar da Na Tashe Shi Daga Benci

Yau da safe inna tana yanka kabeji a kicin, ƙanshin ya bugi hancina, sai da na dafa bango. Ka yi haƙuri in maganar ta zo a karkace.

Kakana na wajen uwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a ƙauyenmu, can ƙasar Maraɗi. Da ya bar aiki sai ya koma lambu. Da rani ni ke biye da shi tsakanin kunyoyi, ƙafafuna cikin laka mai sanyi. Wata rana ya kama ni ina tsinke tohon kabeji, ya ɗan ja min kunne. Ya ce Faransawa na kiran ƙololuwar dutse cime, Italiyawa da mutanen Sifen su ce cima, amma a Latin, uwar harsunan nasu, sunan ɗan tohon nan ne, ita ma wajen Girkawa ta aro. Daga kan ganye sunan ya hau kan itace, daga nan ya haye duwatsu. Mu kuwa ƙasarmu a shimfiɗe take, daga shi har ni ba wanda ya taɓa hawa dutsen kirki.

Ka san wasan jika da kaka. Amarya yake ce min, ni in ce masa tsohon miji.

Bana aka kawo shi wajenmu Germantown, nan ƙasar waje, ganin likita. Ran Asabar muka fita da shi wani dutse a bayan gari, inda ake hawa shan iska. Inna ta zaunar da shi a benci a gindin dutsen, ta koma mota ɗauko ruwa. Sai na buɗe bakina.

"Ashe mijin nawa ya ƙare. Bari in hau in samo saurayi."

"Ke amarya, ni da na karanta cime tun ba a haifi uwarki ba? Miƙo min sandata."

A gida dariya za a yi, maganar ta wuce. Nan kuwa ga dutsen a gabansa.

Muka kama hawa. Ana hango saman ke nan ya durƙushe, gumi ya jiƙe masa riga, leɓensa ya yi fari. Na yi ta ihu da Hausa, Turancin duk ya gudu. A asibiti likita ta ce zuciya ce, ba ta kuma ce ya fita haɗari ba. Inna na ta tambaya me ya tashe shi daga bencin. Ban gaya mata ba.

Ƙannena da aka haifa a nan ba su iya wannan wasan ba, gaisuwa kawai suke masa su wuce. Da ina jin tausayinsu. Jiya da ya farfaɗo, ni ma hakan na yi, na russuna a gefen gado.

"Sannu Kaka, ya jiki?"

Ya dube ni, muryar da ƙyar take fita.

"Kaka kuma? Saki aka yi min ke nan?"

Inna ta yi dariya har da hawaye. Shi kuma ya zuba min ido yana jiran in rama.