Sarkin Kwata da Baƙin Gari

A masana'antar rinin yadi kowa da injinsa, wani ma'aikaci kuwa nasa rabon yana can ƙarshen katanga, wurin tankin da ake tara ruwan da aka gama rini da shi. In ya cika, shi ke murɗa famfo ya sake shi cikin rafi. Abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Kwata, ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, don mutum ne mai barkwanci. Matarsa takan ce da ta dubi farcensa ta san launin da aka rina ranar.

Abu ɗaya ke cin ransa. Yayarsa, wadda ta raine shi, tana da lambu a gangaren rafin nan, kuma a kan idonsa ganyenta ya riƙa ƙanƙancewa. Ba ta taɓa ce masa uffan ba. In ya je gaishe ta sai ta ce, "Auta, ka rame." Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ana nan, sai wata malamar jami'a mai binciken ruwa ta zo da izinin masu masana'antar, riƙe da kwalbar wani baƙin gari. Ta ce ɓawon gyaɗa ne aka ƙona, aka haɗa da sinadarin ƙarfe. Ta sa ya ɗebo ruwan tankin a gora, ta barbaɗa.

"Malama, shuɗin bai ishe ki ba, sai kin ƙara baƙi?"

Ta yi dariya. "Baba, girgiza dai."

Ya girgiza, suka ɗan jira. Ta kara mayen ƙarfe a jikin gorar. Garin nan, da ya riga ya shanye launin, ya taho gefe guda kamar tururuwa ta ga sukari. Ruwa ya washe tas. Sarkin Kwata ya ɗaga gorar yana kallon rana ta cikinta.

"Kada ka sha fa," in ji ta. "Launi ne ya fita, da sauran aiki."

Da sauran aiki kuwa. A babban tanki garin ya riƙa dunƙulewa, manya suka fara gunaguni. Malama ba ta karaya ba: ta tafi, ta sake haɗi, ta dawo. Shi ke gaurayawa, ita ke aunawa, har aka dace, aka kafa gangar mayen ƙarfe a bakin magudana. Ta zaunar da shi ta koya masa yadda ake wanke garin a sake amfani da shi, ba tsawa, ba raini. Da rani ya zagayo, yayarsa ta aiko masa da kwandon tumatir, ya rasa inda zai sa kansa don murna.

Yanzu ya yi ritaya, gwiwa ta fara gardama. Malama ta koma aiki a wani gari mai nisa, amma takan kira shi a waya jefi-jefi. Da ya ji muryarta sai ya dafa bango ya miƙe tsaye.

"Malam, zauna mana, ai ba ganinka take ba," in ji matarsa.

"Ki bar ni," yakan ce. "Ni na san wadda nake magana da ita."